Barka da Sallah daga Bristol, da wata magana a kan yaran Yaya

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya sa muna cikin 'yantattun bayinSa, Ya maimaita mana. Na bai wa Auta amanar ta karanta muku wannan takarda da daddare, bayan masu yawon Sallah sun watse, kuma kada ta tsallake ko layi ɗaya. Akwai maganar da na yi ta son faɗa a waya, amma da na ji muryar Inna sai bakina ya yi nauyi.

Mun yi Idi da hantsi a wani masallaci da ke unguwar Easton. 'Yan Somaliya ne suka fi yawa, sai 'yan Pakistan, mu kuwa masu jin Hausa ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Yayyafi ake yi tun asuba. Na sa atamfar da Inna ta aiko, ɗinkin ya zauna daram, sai dai rigar sanyi ta rufe ta ruf, babu wanda ya gani sai da na dawo ɗaki. Ana sallamewa kowa ya duba agogo, domin a nan yau ranar aiki ce kamar kullum. Ni ma sai da na roƙi wata ta riƙe mini aikina a gidan tsofaffi. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, na sa daddawar nan da nake ta tattali, muka ci da maƙwabciyata 'yar Sudan. Ina cikin tuƙa tuwon na tuna bara war haka Yaya ne ya riƙo hannun Ummi da Abba zuwa filin Idi na Ƙofar Mata, Abba yana ta jan babbar rigarsa a ƙasa. Sai na ajiye muciya na zauna. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makoma.

Kun san ina zuwa karatun yamma sau biyu a mako don in sami takardar shaidar aikin jinya. Makarantar tana kan wani tudu da ake kira Ashley Down, gab da filin da suke wasan kurket. Ranar da na fara zuwa na ɗauka tsohon barikin soja ne. Gine-gine ne manya har biyar, na dutse ruwan toka, dogaye sambal, tagogi jere reras kamar an buga su da ma'auni, babu ado ko na kwabo. Cikin azumin nan a kan matakala nake zama in buɗe baki da dabino kafin in koma aji. Wata dattijuwa mai share-share ta saba ganina, har ta soma kawo mini ruwan zafi. Ita ce ta ce da ni, kin san kuwa a gidan marayu kike zaune? Wai a wani zamani yara sama da dubu biyu ne suke kwana a waɗannan gine-gine, dukkansu ba uwa ba uba. Daren nan ban fahimci ko kalma ɗaya daga abin da malamar ta koyar ba.

Akwai ɗan gidan tarihi a cikin ɗaya daga ginin, na je ranar da ba ni da aiki. Gani ya kori ji.

Mutumin da ya kafa wurin sunansa George Muller, Bajamushe ne, an haife shi a 1805. Ƙuruciyarsa ba ta yi kyau ba, sata da ƙarya da shaye-shaye, har gidan yari ya shiga yana ɗan shekara 16. Daga baya ya tuba ya zama mai wa'azin addinin Kirista, ya zo garin nan a 1832, shekarar da annobar kwalara ta yi ɓarna a cikinsa. A lokacin yaron da iyayensa suka mutu, in ba shi da mai ɗaukarsa, ko ya kwana a titi, ko a kai shi gidan gajiyayyu na hukuma inda ake aikin wahala a kan loma. A 1836 shi da matarsa Mary suka buɗe gidan da suke haya a layin Wilson suka karɓi 'yan mata 30. Kafin shekara goma gidajen sun zama huɗu a layin, yara sun kai 130, har maƙwabta suka kai masa kuka a 1845 a kan hayaniya da toshewar magudanar ruwa. Bai yi musu da su ba. Ya nemi fili a bayan gari, a kan tudun nan, aka buɗe gida na farko a 1849 da wurin yara 300. Na biyu ya biyo baya a 1857, na uku a 1862, na huɗu a 1868, na biyar a 1870, jimilla wurin yara 2,050.

Baba, ga abin da na tabbata zai tsaya muku a rai. Duk wannan gini da ciyarwa, bawan Allahn nan bai taɓa buɗe baki ya roƙi mutum kwabo ba, kuma bai yarda ya ci bashi ba. Addu'a kawai yake yi, sai kuma duk shekara ya fitar da lissafin abin da ya shigo da inda ya tafi. Mutane suna aiko da abin da ya sawwaƙa: mai kuɗi ya aiko da fam ɗaruruwa, talaka ya aiko da 'yan kwabbai, mace ta cire zobenta a sayar. Suna ba da labarin wata safiya da yara suka zauna gaban kwanuka wayam, ya yi godiya ga Ubangiji a kan abincin da babu shi, sai ga mai gidan burodi yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce ya kasa barci ne ya tashi ya gasa musu. Bai daɗe da tafiya ba keken mai madara ya karye a bakin ƙofar, shi ma ya sauke musu don kada ta lalace. Haka suke faɗa. Abin da ya bi ta hannunsa ya haura fam miliyan ɗaya na wancan zamani, amma da ya rasu a 1898 yana da shekara 92, duk abin da ya bari bai kai fam 200 ba. Marayu 10,024 ne suka bi ta hannunsa. Addininmu daban da nasa, kuma a kan nasa ya tarbiyyantar da yaran, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma na tsaya gaban hotonsa ina tuna karatun da Baba yake yi mana a zaure a kan tawakkali, kunya ta kama ni, mu da aka ce da mu mai riƙon maraya yana tare da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a Aljanna kamar yatsun nan biyu.

Inna, da kuna nan da sai an janye ku daga gaban wani ɗan ƙyalle da na gani. Faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, fari ne, an yi masa aiki da jan zare zalla. Haruffa ne layi bayan layi, manya da ƙanana, da lambobi, da 'yan furanni, ɗinkin ƙanana ƙwarai har sai na matso da fuskata kafin na rarrabe zare da zare. 'Yan matan gidan ne suke yi, kowace da nata, in ta tashi fita neman aikin gidan masu hali sai ta nuna shi a ga iyawarta. Wato wannan ƙyallen shi ne mai yi mata magana, tunda ba ta da uwar da za ta tsaya mata. Mata sukan zauna har shekara 17, maza kuwa a 14 ake kai su koyon sana'a. Ranar fita ana ba kowa littafin addininsu da akwatin kwano mai kaya kala biyu. Karatu kam sun samu, har masu masana'antu suka riƙa ƙorafin wai ilimin ya yi wa 'ya'yan talakawa yawa, an hana su 'yan ƙwadago. Yarinyar da ta yi wanda na gani ba za ta wuce Ummi da yawa ba. Na ga inda ta ƙulle zaren a kusurwa, na tuna Ummi tana zaune gefen Inna tana koyon saƙa da guntun ulu.

Duk da haka raina bai kwanta da komai ba. A zamaninsa ba ya karɓar yaro sai wanda uwa da uba duka suka mutu, kuma sai ɗan aure, kamar yunwa tana tambayar yadda aka haifi mutum. Sannan ku dubi hotunan: gadaje jere a ɗaki guda kamar asibiti, yara cikin kaya iri ɗaya, a tashi tare, a ci tare, a yi tafiya a layi. Maza ɓangarensu daban, mata daban, ko da ciki ɗaya suka fito. An ci, an sha, an yi karatu, an tsira daga titi, Allah Ya sani ba ƙaramin abu ba ne. Amma yaron da ya farka cikin dare a ɗaki mai gadaje barkatai, wa zai kira? Wa ya san cewa wannan ba ya cin kuɓewa, wancan kuwa sai an riƙe masa kunne yake barci, kamar Abba?

Su ma masu wurin a ƙarshe nan suka dawo. Bayan yaƙin duniya na biyu hukumar Ingila ta yi dokar yara a 1948, ra'ayi ya koma kan cewa yaro ya tashi a gida ƙarami mai kama da na iyaye. Aka riƙa sayen ƙananan gidaje a garuruwan bakin teku irin su Clevedon, ana raba yaran kaɗan-kaɗan da masu kula da su, a 1958 kuma aka sayar da manyan gine-ginen ga hukumar ilimi ta gari. Duk biyar ɗin suna nan tsaye, doka ta hana a rushe su. Wasu makarantarmu ce a ciki, wasu an yayyanka su an mai da su gidajen zama masu tsada, za ka ga labule da tukwanen fure a tagogin da marayu suka leƙa. Takardun yaran ma suna nan a ajiye, jikoki da tattaɓa-kunne suna zuwa daga ƙasashe suna neman sunan kakarsu.

To, Baba da Inna, ku gafarce ni in na yi azarɓaɓi. Auta ta gaya mini shawarar da aka yi bayan matar Yaya ta fita takaba: cewa in ta yi aure, Kawu zai kai Abba wurin wani malami a can gabas, Ummi kuma ta koma gidan Gwaggo. Na san da kyakkyawar niyya aka faɗa. Na san yadda kwanon masara ya koma, na san ƙafar Inna, na san fanshon Baba ba ya zuwa kan kari. Ba na raina karatun allo, da shi muka tashi, kuma ba na zargin Gwaggo da komai. Amma Abba shekararsa bakwai. Bai gama gane cewa babansa ba zai dawo ba, ran nan a waya yake tambayata ko a Ingila yake. In aka ɗauke shi daga ɗakin Inna, aka raba shi da yayarsa a shekara guda da rasa uba, maraicin ya zama uku. Mutanen nan sun gina gidan dutse na dubban yara, sun shekara ɗari da wani abu a kai, suka dawo suna neman abin da muke da shi a tsakar gidanmu: kaka, da murhu ɗaya, da wanda zai kira yaro da sunan da babansa yake kiransa.

Ina roƙonku don Allah a bar su tare a gabanku. Abba ya yi allonsa wurin malamin bakin layi da safe da yamma, ya kwana a gida. Ummi kada a cire ta daga makaranta, kada kuma a ɗora mata talla. Kuɗin makarantarsu da na Islamiyya da sabulu da magani na ɗauka, zan riƙa turowa farkon kowane wata ta hannun Auta, na riga na karɓi ƙarin kwana biyu na aikin dare saboda haka. Buhun shinkafa da na masara kuma duk wata uku. Uwarsu a bar mata ƙofa a buɗe, ko ta yi aure ta zo ta gan su duk lokacin da ta so, su ma a kai mata su. Ba na so Kawu ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido, shi ya sa ban kira shi ba. Baba ne zai san yadda zai faɗa masa, in ya so ni ma in kira in ba shi haƙuri daga baya.

Na turo goron Sallah jiya, Auta tana da lissafin na kowa. A cire wa Abba na takalmi, na ji wancan ya matse shi. Inna, man zafin ƙafa yana hanya tare da wata baiwar Allah da za ta sauka Kano mako mai zuwa. A gaishe mini da Kawu da Gwaggo da matar Yaya, da mutanen gidan Liman, da duk wanda ya tambaye ni. A ce wa Ummi ina jiran hoton lallenta, hannu biyu, kafin ya goge. Zan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in ji abin da Baba ya yanke.

Wassalam,
'Yarku da ke Bristol