Ƙanena ya dawo daga Legas da ayyukan sassaƙa, ina zai nuna su a Katsina?

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ba ni ɗan fili.

Ƙanena ne ya karanta sassaƙa a ABU Zariya, bana wani gidan masu fasaha a Legas ya gayyace shi zaman wata 3, irin zaman nan da za su ba ka ɗaki da abinci da kayan aiki su ce ba abin da muke so gare ka sai ka yi aikinka, in ka gama a kira jama'a su gani. Ya gama lafiya, an yi nunin, har an sayi guda 2.

Babban aikin da ya kai rumbu ne, ya fi mutum tsawo, da tsofaffin bakin galma da fartanya ya haɗa shi. Ni na raka shi wajen 'yan gwangwan muka tsinto su kafin ya tafi, wasu duk sun cinye saboda noma, shi kuma ya hana a goge tsatsar, wai ita ce shekarun da manomi ya yi yana duƙe. A bidiyon da ya turo mani na ga wata mata ta tsaya gaban rumbun nan ta kasa tafiya, wallahi sai da na yi ƙwalla.

To yanzu sauran kayan suna zauren gidanmu lulluɓe da tamfol, mun yi ta neman wurin da za a jera su ko na sati 2 ne ba mu samu ba. Abin da ya fi ci mani rai shi ne da ka ce sassaƙa sai a ce maka gumaka, alhali yaron nan ko siffar kaza bai taɓa yi ba, rumbu ne da ƙofar gari da tulu. Kuma aikin hannu ai gadonmu ne, wanda ya tsaya gindin hasumiyar Gobarau ya san magina sun yi aiki, ga kayan da aka tono a Durɓi Ta Kusheyi wajen Mani, ga Ladi Kwali mai ginin tukwane hotonta na jikin naira 20 da muke kashewa kullum.

Roƙona ga hukumomin al'adu na jiha da masu kula da gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, a ware ɗaki ɗaya a riƙa ba matasa aro suna nuna aikinsu, a kawo 'yan makaranta su gani. Mu kuɗin mota da ɗaukar kaya mun ɗauka. Wanda ya sayi biyun can ya fara kiran waya yana tambayar rumbun, ni kuma ina so mahaifinmu, da ya yi shekara 40 yana noma, ya gan shi a tsaye cikin garin nan tukuna.

Naku,
Wani mai karatu daga Ƙofar Sauri, Katsina