Zuwa ga iyayen 'yan SS3: takardun neman gurbi a jami'o'in Amurka

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara,

Wannan wasiƙa ta ku ce da 'ya'yanku ke son neman gurbi a manyan jami'o'in Amurka irin su Harvard da Yale, inda ba a ɗaukar ko mutum 5 cikin 100 na masu nema. Yawancinsu ta Common App (shafin intanet da jami'o'i da yawa ke karɓar fom ta cikinsa) ake cike fom ɗinsu, jami'ar MIT kuwa tana da nata tsarin. Mai son a duba shi da wuri, 1 ga Nuwamba ake rufewa. Sauran kuma sai farkon Janairu.

Fom ɗin da muƙalarsa, wadda ba ta wuce kalma 650, yaro ne ke turawa. Amma sakamakonsa na shekarun sakandare da rahoton makaranta da wasiƙun malamai biyu, mu ne za mu aika daga nan kai tsaye, domin jami'o'in sun fi yarda da abin da ya fito daga hannun makaranta.

Don Allah ku duba sunan yaronku tun yau. Takardu na isa ofishinsu a rarrabe, kuma da suna da ranar haihuwa ake haɗa su a fayil ɗaya. Idan fasfo ya ce Muhammad, WAEC ta ce Mohammed, fom kuma ya ce Muh'd, wata takardar na iya yin kwanaki ba a gano mai ita ba. A bi abin da ke cikin fasfo a ko'ina.

Sai maganar ƙarin kaya, wadda ita ce ta fi damun mu. Mun san kuna so a ga duk ƙoƙarin da yaro ya yi, shi ya sa ake kawo mana satifiket na musabaƙa tun daga firamare da wasiƙar wani babban mutum. Masu duba takardun nan dubban fayiloli ne a gabansu. Wasiƙar malamin lissafi da ya ga yadda yaro ke kokawa da tambaya mai wuya ta fi musu amfani nesa ba kusa ba a kan ta ɗan majalisar da bai taɓa ganin littafinsa ba. Ƙofar ƙarin kaya an buɗe ta ne don aiki na musamman: binciken kimiyya, zane, kiɗa, ko na'urar da yaro ya ƙera da kansa. Irin wannan sau da yawa malaman fannin ake miƙa wa, su kuma da ma'aunin ƙwararru suke aunawa. In aikin bai kai ba, gara a ambace shi a layi ɗaya cikin jerin ayyuka 10 da fom ya tanada.

Bayan an tura fom, jami'a za ta buɗe wa yaro shafi mai nuna abin da ya iso da wanda ya rage. A lokacin cunkoso yakan ɗauki kwanaki kafin takarda ta bayyana, saboda haka kada a yi ta sake turawa. Ku fara tuntuɓar mu.

Mai neman tallafin karatu ya fara tara shaidar kuɗin shigar iyaye saboda fom ɗin CSS Profile, wanda jami'o'i ke auna buƙatar tallafi da shi. Sunayen malamai biyun da yaro ya zaɓa kuma su iso ofishinmu kafin Satumba ta ƙare, domin rubuta wasiƙa mai kyau na buƙatar lokaci.

Wassalam,
Ofishin Ba Ɗalibai Shawara