Wasiƙar Iyaye ta Zangon Farko: Labarin Lambun Bayan Aji Huɗu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyaye da masu riƙon ɗalibanmu.

Da fatan an yi girbi lafiya, kuma ya sanyin da ya fara leƙowa? Wasunku da suka zo ɗaukar yara a makon jiya sun tambayi abin da ya sa muka bar bayan aji huɗu da ciyawa da tumfafiya kamar kango. Wata uwa ma cewa ta yi, "Malam, ko mai sharar ne ya ajiye aiki?" Bai ajiye ba, Hajiya. Da gangan muka bar wurin, ga kuma dalili.

Bara 'yan aji biyar suka shuka kabewa da kankana a gefen rijiya. Yabanya ta yi kyau, fure ya fito rututu, amma da zarar ɗan kabewa ya kai girman ƙwan kaza sai ya yi rawaya ya faɗi. Muka ƙara taki, muka ƙara ruwa, shiru. Malamin noma ne ya gano bakin zaren. Ashe kabewa tana da furen namiji daban, furen mace daban. Na macen shi ne mai ɗan ƙullutu a gindinsa. Furen yakan buɗe da sassafe, kafin azahar ya rufe, kuma a cikin wannan ɗan lokacin dole ƙudan zuma ya kwaso garin furen namiji ya kai wa na mace. Mu kuwa a daidai wannan safiyar muke feshin maganin ƙwari. Da hannunmu muka kori ma'aikatan, sannan muna mamakin rashin aiki.

Gero da dawa da masara iska ce ke yi musu wannan hidima. Amma Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gonar da duniya ke ci suna bukatar taimakon ƙwari da makamantansu, ko yaya ne. Riɗi da mangwaro da kaɗanya duk suna ciki. Kuka kuwa jemage ne ke ziyartar furenta da dare, abin da yara suka ƙi yarda da shi sai da malam ya nuna musu hoto.

Bana mun daina feshi a lambun baki ɗaya. Mun shuka riɗi da yakuwa da kuɓewa, mun bar ɗoɗɗoya ta yi fure maimakon a tsinke ta, mun kuma jera zogale a jikin katanga don ya riƙe ƙwarin idan rani ya yi. Kabewar bana har mun dafa wa yara fate da ita.

Tumfafiyar da ake ƙorafi a kanta ita ce ma tauraruwar lambun. A ganyenta wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro da baƙin gefe yake saka ƙwai. 'Yan aji huɗu sun ɗauki tsutsarsa guda, mai zanen baƙi da fari da rawaya, suka saka ta a kwali, suka rufe da guntun gidan sauro. Kullum sai an kawo mata sabon ganye. Wata safiya aka tarar ta dunƙule ta zama wani ɗan kore mai ɗigon zinariya, tana rataye a jikin murfin, har wata yarinya ta fashe da kuka wai ta mutu. Ranar da malam-buɗe-littafin ya fito yana busar da fukafukansa, darasin lissafi bai yiwu ba, kuma ban ga laifin malamar ba. Gargaɗi ɗaya dai: ruwan nonon tumfafiya yana da illa ga ido, don haka malami kaɗai ke tsinkar ganyen. Ku ma ku ja musu kunne a gida.

Masu fargabar harbi su kwantar da hankali, ba mu rataya amya a makaranta ba, ba kuma za mu rataya ba. Amma duk wanda ya san ɗansa yana kumbura sosai ko numfashinsa na sarƙewa idan zuma ko rina ta harbe shi, don Allah ya sanar da malamin ajinsa cikin makon nan.

Abin da muke roƙo ba kuɗi ba ne. Muna son tsofaffin kasko da murafen tukwane, mu zuba tsakuwa da ɗan ruwa yadda ƙwaro zai sauka ya sha ba tare da ya nutse ba. Yara za su riƙa canza ruwan kullum saboda sauro. Wanda ke da irin kabewa ko dashen lemun tsami ya aiko mana. Iyayenmu masu noman rani kuma, idan feshi ya zama dole, a bari sai da yamma liƙis, lokacin da zuma ta koma gida.

Ranar 20 ga Mayu ce ranar ƙudan zuma ta duniya, wadda aka fara bikinta a 2018. In Allah ya kai mu, yara za su gabatar da abin da suka gani a lambun, malamin Islamiyya kuma zai yi musu bayanin ayoyin zuma na Suratun Nahli. Za a aiko da takardar gayyata idan lokacin ya matso.

Wassalam,
Shugaban Makaranta