Hannun Inna ya kumbura, kuma ni ake zargi

Assalamu alaikum Anti, ina gaisuwa. Daga Jidda nake rubuto miki, kwana huɗu ke nan rabona da barcin kirki, ki yi haƙuri in maganata ta yi ta kai da komo.

Innarmu tana kwance a asibiti. Hannunta na hagu ya yi jajur, zafi rau, ga zazzaɓi, ana ta ɗura mata magani ta jijiya. Yayana ya tsaya a gaban mutane ya ce ni na jawo. Ni, Anti! Ni da nake mata wanka, nake taje mata kai, shi kuwa yana Makka, sai wata ya zagayo yake leƙo mu da ledar lemu.

A 2022 aka yi wa Inna aikin dajin mama, aka cire kaluluwar hammatarta. Bayan watanni hannun ya fara kumbura, har sai da aka yanke zoben da ke yatsarta. Likitar gashin ƙashi ta ce mana akwai wani ruwa da ke bin ƙananan hanyoyi a ƙarƙashin fata, kaluluwa ke tace shi, to da aka cire ta sai ruwan ya rasa mafita. Ita ta fara yi mata tausar da Larabawa ke kira tasrif limfawi. Wallahi ranar farko na ɗauka wasa take, don shafa ce kawai kamar ana lallashin jariri. Daga wuya da ƙirji take farawa, wai a buɗe hanya tukuna, sannan damtse, sannan ta gangaro, ta gama ta sa mata safar hannu mai matsewa. Hannun kuwa ya saki, nauyin ya ragu. Ta gargaɗe mu: ba allura, ba awon jini a wannan hannun, kuma in ya yi ja ko zafi a dakatar da tausa a zo asibiti.

To amma daga unguwarmu Gulel zuwa asibitin akwai tafiya, ga kuɗin mota, ga layi, ni kuma ina aikin gida a wajen wasu mutane. Wa ya taɓa cewa bari in karɓe ki yau? A nan matar Yaya ta shigo. Ita wannan baiwar Allah komai ta sani, bakinta ba ya shiru. Ta turo min lambar wata mai dilka da halawa, ta ce tana irin tausar har gida, tana narkar da kitse, tana fitar da dattin jiki. Riyal 150 duk zuwa, daga aljihuna, ba wanda ya ba ni ko sisi.

Matar ta zo da mai mai zafi da wani katako tana murzawa. Inna tana cije leɓe, ita kuwa tana cewa sai an ji zafi ruwan ke fita. Raina bai kwanta ba, amma na ce ai sana'arta ce. Ni ma sau biyu ta yi min saboda tumbin haihuwa, ban ga abin da ya ragu ba. Zuwa na uku ta yi wa Inna ƙaho. Ina kicin lokacin. Na dai ji ana maganar ƙaho, na ɗauka a baya za a yi, ashe a damtsen ne. Safar ma Inna ta daɗe da cire ta saboda zafin garin nan, ya zan yi da ita, uwata ce.

Yanzu matar Yaya ta rantse wai ba ta ma san matar ba. Saƙon muryarta yana nan a wayata, Anti. In kunna wa Yaya ya ji, ko in bari kada a ce na kashe mata aure? Shekara tara ina haɗiye maganganunta, har gorin iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan, ta taɓa yi min.

Kuma in an sallami Inna, a koma wa tausar asibitin, ko hannun ya riga ya lalace? Likitan ya tambaye ni jiya ko wani abu ya huda fatar, na ce ban sani ba, don Yaya yana tsaye a wajen.

Taki a Jidda.