Wayar da aka manta a motata

Bronx, New York

Zuwa ga aminina Malam Sabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara da duk mutanen Gwammaja. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso, yaji da kuka da daddawa duk sun zo lafiya, kilishin ne kawai aka riƙe a filin jirgi, don ba a yarda a shigo da nama ƙasar nan. Ka daina wahalar da kanka a kansa.

Ka yi mini ƙorafi wai in mun yi waya ba ni da zance sai sanyi da tsadar haya. To yau ina hutu, ga shayi a gabana, bari in ba ka labarin da ba zan iya faɗa a waya ba yara na kusa da kai.

Ka san tuƙin dare nake yi. In fita bayan Isha'i, in dawo in tarar da sahun Asuba a masallacinmu. A garin nan doka ta bar mashaya su sayar har ƙarfe 4 na asuba, saboda haka tsakanin 2 da 4 kasuwarmu take ci. Na ɗauki masu waƙa, na ɗauki masu kuka, na ɗauki wanda ya yi mini amai a kujera ya ce wai ni ne ban iya tuƙi ba.

Wani daren Juma'a cikin Janairu na ɗauki mata biyu a unguwar West Village, daidai inda titi na 4 ya ratsa titi na 12. Kar ka tambaye ni yadda aka yi 4 ya haɗu da 12, unguwar ce haka, lungunanta sun fi na Ƙoƙi rikitarwa. Na sauke su a Brooklyn. Ina kan gada sai na ji waya tana ruri a ƙarƙashin kujera. Mai ita ta ce don Allah in kai mata gobe da yamma wurin da na ɗauke su, sunan wurin Cubbyhole.

Washegari na je. Sai da na tura ƙofa na gane inda nake: mashayar 'yan maɗigo ce. Sabo, da ka ga abokinka da hula zanna a bakin ƙofar nan, kamar ƙato ya faɗa cikin mata ranar kamu. Ɗakin bai fi shago biyu na Kantin Kwari ba. Rufinsa kuwa ba ka ganin sili ko kaɗan, an rataye fitilun takarda da kifayen roba da tarkacen ado kala-kala, har suna neman taɓa kan mai tsayi. Akwatin kiɗa na gefe yana yi. Ga 'yan mata 'yan jami'a, ga masu kayan asibiti da alama daga aiki suke, ga tsofaffi masu furfura. Ban san me na zata zan gani ba, amma abin da na tarar hira ce, irin surutun gidan suna. Mai sayarwa ta tambaye ni me zan sha, na ce ba na shan giya, ta tsiyaya mini lemon citta ta ƙi karɓar kuɗi. Mai wayar ta zo ta cusa mini dala 40 a hannu, na ƙi, ta rantse, na karɓa.

Zan fita sai wata dattijuwa mai sanda ta ce ko zan kai ta Queens. Ta haura saba'in. Tafiyar ta kai minti 40 saboda cunkoso, kuma ba ta yi shiru ba har muka isa.

Muna wucewa ta kusa da titin Christopher ta nuna mini Stonewall Inn, wata mashayar 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo. Nan ne 'yan sanda suka kai samame ranar 28 ga Yuni 1969, mutanen ciki suka ƙi watsewa, aka kwana ana artabu, aka kuma sake a dararen da suka biyo. Daga nan gwagwarmayarsu ta ɗauki wuta, har Obama ya mai da wurin abin tarihi na ƙasa a 2016. Ta ce a wancan zamani hukumar da ke ba da lasisin giya tana iya rufe mashaya don kawai irin su suna taruwa, shi ya sa 'yan Mafia, wato gungun manyan 'yan daba, su ne suke riƙe da yawancin wuraren, su ba 'yan sanda na goro, su sayar da giyar da aka sirka da ruwa da tsada. Mace kuma ana iya kama ta don ta sa kayan maza. Ta ba ni labarin Stormé DeLarverie, wadda ta yi gadin ƙofar mashayunsu har tsufanta, tana zagaya unguwar da dare don kar a taɓa 'yan matan. Ta rasu a 2014 tana da shekara 93.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wannan. Ni a zatona tunda jihar New York ta halatta musu aure a 2011, Kotun Ƙoli kuma ta yi wa duk Amurka a 2015, irin wuraren nan sun cika gari. Ashe ƙarewa suke yi. A shekarun 1980 sun kai wajen 200 a faɗin ƙasar, amma zuwa lokacin korona ba su kai 25 ba. A New York mai mutum sama da miliyan 8, uku suka rage a lokacin: wannan Cubbyhole, da Henrietta Hudson da aka buɗe a 1991, da Ginger's a Brooklyn. Lexington Club ta San Francisco ta rufe tun 2015. Har wasu mata biyu masu shirya fim suka kafa Lesbian Bar Project a 2020 suna tara kuɗi don a ceci sauran. An ɗan buɗe sababbi daga baya, amma ba a koma kusa da da ba.

Dalilin kuwa rabinsa irin namu ne, haya. Mai gida ya ninka kuɗi, unguwa ta koma ta masu hannu da shuni, mata kuma albashinsu bai kai na maza ba, ba sa kashewa kamar su. Sauran rabin waya ce ta cinye, yanzu a manhaja ake haɗuwa. Kuma da ƙyama ta ragu, yarinya tana iya shiga kowace mashaya da ƙawarta ba mai korarta.

Na ce to me ya hana ki zama a gida ki huta, ga sanyi ga ƙafa? Ta yi dariya. Ta ce ita ba neman kowa take zuwa yi ba, abokiyar zamanta ta rasu shekarun baya. Nan ne kawai za ta zauna da dare ba mai dafa mata kafaɗa, ba mai tambayarta ina mijinta, kuma in ta yi sati ba a gan ta ba sai an buga mata waya.

Maganar nan ta tsaya mini, don na san abin da nake gani a madubi. Matan da nake ɗaukowa daga manyan gidajen rawa na unguwar Meatpacking, da yawansu suna shiga mota sai su tura wa wata lambar motata, in mun isa su ce in tsaya har su shige. Sai na tuna darenmu na gida. Teburin mai shayi, mai balangu, mai gurasa, majalisar ƙofar gidanku har ƙarfe ɗaya, duk namu ne mu maza. Ban taɓa tambayar kaina ina yayyenmu mata suke zama su yi tasu hirar ba in ba biki ko suna ya tara su ba.

Muna dab da isa ta tambaye ni ko garinmu akwai irin wurin. Na gaya mata gaskiya. Na ce a Kano ko kwalbar giya Hisba fasawa take yi, kuma tun Janairun 2014 da Jonathan ya sa hannu a doka, auren jinsi ɗaurin shekara 14 ne, buɗe irin wannan kulob ko shiga cikinsa shekara 10. Ban gaya mata cewa ni da kai mun sha cin tuwon 'yan daudu a Sabon Gari muna yara ba, ana yi musu dariya ana kuma layin abincinsu. Ta yi shiru, sannan ta ce in tsaya a gaban jan ƙofar can.

Na san abin da kake shirin rubuto mini, wai Habu ya daɗe a Turai. Sallata tana nan, abin da malam ya karantar da mu a zaure ban manta ba, ita ma ba ta nemi fatawata ba. Na riƙe mata sanda ta fito, ƙanƙara ta daskare a matakala, na tsaya har ta kunna fitilar ciki kafin na ja mota.

Kar ka karanta wannan a majalisa, ka san bakin Ɗanlami. Kuɗin makarantar Ummi zan turo ƙarshen wata in sha Allahu, kamfanin da nake wa aiki ya sake ƙara kason da yake yanka, shi ya sa na makara. Ka duba mini ko an zuba dakalin filin nan kafin damina. Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata man zafin yana hanya.

Naka har kullum,
Habu