Zuwa ga Ummi, kan aikin jami'a

Assalamu alaikum, Ummi.

Da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Saƙonki ya iso cewa sashen koyar da aikin jinya na jami'a ya ba ki gurbin malanta, kina ta wasiwasi. Ki karɓa, 'yata. Sharaɗina ɗaya ne, kada ƙafarki ta ɗauke daga ɗakin haihuwa.

A zamaninmu da ido muke auna jinin da mace ta zubar bayan haihuwa. Mu dubi zanen gado, mu dubi ƙasa, mu ce da sauƙi. Sai leɓɓanta sun yi fari fat, tafin hannunta ya yi sanyi, tana roƙon a ba ta ruwa, sannan kowa ya rikice. To ki dubi binciken nan na E-MOTIVE da aka fitar a 2023. An yi shi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace, jinin ya taru a ciki. Da ya kai alama sai a haɗa komai a lokaci guda, a murza mahaifa, a yi allurai, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fita. Zubar jini mai tsanani da abin da take jawowa suka ragu da kashi 60 cikin 100. Su wa ke tsugune suna karanta ma'aunin nan cikin tsakar dare? Ungozoma da nas. Malamar da ta daina tsayuwar dare za ta koyar da wannan daga takarda ne kawai, ɗalibai kuwa ba sa ɓata lokaci wajen gane ta.

In kina neman abin da za ki yi digirin digirgir a kai, je ki asibitin Babbar Ruga a Katsina, ki zauna da masu yoyon fitsari. Tambaye su kwana nawa suka yi suna naƙuda a gida, wa aka jira ya ba da izinin fita. Ki yi musu bayani da Hausa, dalla-dalla, kafin su dangwala yatsa a takardar amincewa da shiga binciken, kada kuma ki ɗauki hoton kowa.

Aikin jami'a ba ya da maiƙo, kin ga yajin aikin 2022 wata takwas ya ci. Ƙarin girma ma sai da wallafa bincike, don haka ki ware wa rubutu yini guda a mako. Lasisinki kada ki bari ya ƙare.

Ki zauna da maigidanki ku yi shawara kafin ki sa hannu. Babanki na gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki