Wasiƙa daga Salaga

Salaga, ƙasar Gana
20 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya sanyin Ingila? Na san yanzu ya fara kunno kai. Mu nan damina ce ke haɗa kayanta, doya ta cika kasuwa.

Saƙonka ya iso, kuma na gane inda ka dosa duk da ka lulluɓe shi da barkwanci. Mutanen masallacinku da ka karɓo gudunmawarsu sun fara tambayarka ina makarantar da aka ce za a buɗe kafin azumin da ya wuce. Suna da gaskiya, dukiyarsu ce. Shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake, don ka samu abin karanta musu bayan sallar Juma'a.

Ajujuwa uku da ofis sun kai linta, an ɗaura katako a biyu, saura kwano da shafe da ƙofofi. Abin da ya ja mana baya kuwa ba cin amana ba ne, canji ne. Ka tuna mun yi lissafinmu a farkon 2023, lokacin da dala a banki take wajen naira 460. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Gudunmawar da muka tara a Kano da Kaduna tana ajiye da naira tana jiran a gama maganar fili, sai ta narke a hannunmu muna kallo. Ita ma sidi, kuɗin Gana, ba ta tsira ba, ga tsadar kaya da ta addabi Gana tun 2022. Mai sayar da siminti a Tamale ba ya yarda ya riƙe maka farashi daga Litinin zuwa Alhamis. Fam ɗin da kuka aiko shi ya rufa mana asiri, ka faɗa musu haka da bakina.

Sai kuma masu alkawari. Ranar gidauniya kowa ya miƙe da babbar riga ya ambaci adadi, aka yi kabbara, aka ɗauki hoto. Da aka zo karɓa, wani ya ce kasuwa ta juya masa baya, wani wayarsa kullum a kashe. Ban zarge su duka ba, shekarar ta yi wa kowa zafi. Amma in za ka shiga irin wannan aiki, kamar yadda ka ce kana tunani, kada ka sa alkawari cikin lissafin bulo. Abin da ya shiga asusu shi ne kuɗi. Tsohuwar nan ta unguwarmu da ta kawo 'yan canjinta a ƙulle a bakin zane ta fi mini masu babbar riga da yawa.

Fili ya ci mana lokaci fiye da yadda na zata. A arewacin Gana ƙasa tana hannun sarakuna ne, nan kuma yankin masarautar Kpembe ne ta Gwanjawa. Dole ka je da dattawan zango, da goronka, ka gaishe da masu ƙasa, sannan a bi takarda zuwa hukumar filaye. Tsarin mulkinsu na 1992 bai yarda baƙo ya mallaki fili har abada ba, iyakarsa haya ta shekara 50. Don haka muka sa takardun da sunan kwamitin mutanen gari, ba da sunan ƙungiyarmu ba. Da farko wasu daga cikinmu sun yi gunaguni, ni kam yanzu ina ganin hakan ya fi alheri, domin su za su zauna da ginin bayan mun tattara namu mun tafi.

Ka ce me injiniya irina yake yi daga safe zuwa yamma. Wallahi rabin aikina tsaron bulo ne. Wanda muka fara ba wa kwangilar bugawa yana miƙar da buhun siminti ɗaya ya fitar da bulo fiye da kima. Na ɗauki guda na sake shi daga daidai ƙirjina, ya tarwatse kamar ƙuli-ƙuli. Ban yi masa faɗa ba, na dai sallame shi, muka sayi namu abin bugawa muka koma yi a wurin, a gabana ake auna yashi da baro. Babban birkilanmu dattijo ne ɗan zango, bai yi boko ba, amma da igiya da ma'aunin ruwa yake fitar da kusurwa da ba ka da abin gyarawa. Shi ya hana ni sa tagogi ta inda na zana, ya ce iskar farkon damina daga gabas take bugowa, tana yaye rufi. Na bi maganarsa, muka ƙara ɗaure katakon da rodi a jikin linta.

Ruwa kuma shi ne abin da takardar lissafi ba ta nuna mana ba. Salaga garin tsofaffin rijiyoyi ne, amma da rani ruwa wuya yake yi, siminti kuma in bai sha ruwa ba bayan an zuba shi, ƙarfinsa ya tafi. Mun sayi wani ruwan aka kawo da babur mai ƙafa uku, sauran kuwa matan unguwa ne suka yi gayya, kowace da daro a ka tun bayan asuba, ba su karɓi ko sisi ba. In ka ga rahoton kuɗi babu sunansu, to ka sani gudunmawarsu ba ƙarama ba ce.

Wani abin da zai ba ka dariya, kai mai son tarihi: nan fa ita ce Gwanjar da kakanninmu fatake suke zuwa da jakuna sayen goro, su yi watanni a hanya ta Borgu. Har yau akwai gidajen da za su ce maka asalinsu Kano ko Katsina. Yaƙin basasar 1892 ne ya watsa kasuwar, malamai da 'yan kasuwa suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934. Da Hausa nake ciniki, da Hausa nake rigima da leburori. Duk da haka baƙo baƙo ne, ba na sa baki a abin da ya shafi sarauta ko siyasarsu.

Siyasar ma ta biyo mu har wurin aiki, tunda zaɓensu ranar 7 ga Disamba ne. Wani ɗan takara ya aiko cewa zai ba da kwano duka, in za a yi bikin miƙawa kafin zaɓe a manna hotonsa a bango. Kwamiti ya rabu biyu, aka kwana biyu ana ja. Limamin unguwa ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, makaranta kuma ta 'ya'yan kowa ce. A ƙarshe aka ba shi haƙuri, aka ce in yana da niyya ya kawo a watan Janairu.

Abin da ke hana ni barci yanzu ba kwano ba ne, albashin malamai ne. Mutane suna son ba da kuɗin gini don suna ganinsa a hoto, amma wa zai biya malami wata-wata? Kwamiti na neman hukumar ilimi ta karɓi makarantar ta turo malamai, kamar yadda ake yi wa makarantun Islamiyya da dama a ƙasar, sai dai wannan ba abin yau ko gobe ba ne. Ina so ka tuntuɓi mutanenku ko za a samu masu ɗaukar nauyin malamai biyu na shekarar farko.

Na haɗo maka hotunan rasit duka da na littafin shiga da fita, shafi-shafi. Duk wanda ya ga abin da bai gane ba ya tambaya, ba zan ji haushi ba. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce wa babban ɗanka ina sane da alkawarin rigar saƙi ta Gwanja, zan ba wa mai zuwa.

Wassalam,
Naka amini